Bindigar da Aka Wanke da Toka

Duk unguwar Bukan Sidi babu wanda ya kai Safiyullahi Maƙeri tsoron bindiga, duk Lafia kuma babu wanda ya kai shi saninta. Ni Modibbo na fi kowa ikon faɗin haka, don shekara ashirin da ɗoriya rumfata tana jingine da maƙerarsa. Ina sayar da igiya da kanwa da maganin shanu, shi yana ƙera garma da fartanya da lauje. Shi Babarbare ne, ni Bafillace, saboda haka da safe in ya hango ni sai ya ce, "Ɗan Fillo, an kwana da yunwa?" ni kuma in tambayi bawana ko ya tashi lafiya. A haka muka yi furfura.

Tsoron nasa ba ɓoyayye ba ne. Wata rana tayar tifa ta fashe a bakin titi, kafin in juya na nemi mutumin na rasa. Sai can muka zaƙulo shi daga ƙarƙashin teburin mai lemu, hularsa a kwata. Lokacin Kirsimeti kuwa, in yara suka fara jefa abin fashewarsu, rufe maƙera yake yi ya ce wai zazzaɓi. Na yi masa dariya har na gode Allah, ban kuma fasa ba ko bayan na san dalili, don in ban tsokane shi ba wa zai tsokane shi?

Dalilin mahaifinsa ne, Abdulkahar, wanda a zamaninsa maharba tun daga Doma har Awe suke zuwa wurinsa. Da bututun famfo ko sandar sitiyarin tsohuwar mota yake ƙera musu harba-ka-ruga, ya buga mata kambin sarautar Turawa a gefe, mai saye ya tafi yana murna ya samu ta Ingila. Wata rana wani maharbi ya kawo tsohuwar bindiga da gindinta ya cije, ya rantse babu komai a cikinta. Abdulkahar ya sa gindin a wuta don ya saki, bakin yana kallon ƙirjinsa. Safiyullahi, mai shekara ashirin da biyu a lokacin, shi ke zuga wutar. Ko salati tsohon bai ƙarasa ba.

Tun daga ranar bai sake ƙera bindiga ba, bai kuma taɓa harba ta ba. Maganarsa guda ce: babu bindigar da ba komai a cikinta. Amma idon da ya gada bai bar shi ba, mutane ma ba su bar shi ba. Maharba, da magada masu son sanin abin da tsoho ya bari, har dillalan kayan tarihi da ke zuwa daga Jos, duk sai sun kawo masa ya duba. Sai ya sa a jingine ta a bango bakinta na kallon sama, ya zagayo ta baya kamar mai shirin kama akuya mai tunkuyi. Ya shinshina icen, ya ƙwanƙwasa ƙarfen da farce ya kasa kunne, ya dubi kan kusoshin. Sannan ya ce, "Famfo ce," ko ya ce, "Sitiyari ne, kambin nan ma na san hannun da ya buga shi." Sau da yawa hannun babansa ne. Yakan ce mini ta gaske, wadda aka yi a ƙasar Turawa tun kafin su ci ƙasar nan, daga ciki ake gane ta. Akwai tsaga guda uku da suka murɗa tun daga baki har gindi, aikin da babu maƙerin da zai iya da guduma da magagari. Babansa ne ya ba shi labarinta, shi dai bai taɓa riƙe ta ba.

Cikin masu sayen garmarsa akwai Iortyer, ɗan ƙabilar Tibi, manomin doya a wani ƙauye cikin yankin Ashige. Tibi da Fulani akwai wasa, kullum ya zo sai na tambaye shi shanun kakana da kakansa ya cinye, shi kuma ya ce in zo in kwashi ƙashi. Da Safiyullahi kuwa aminci ne sosai, sai dai abu guda da ke ci wa Iortyer rai. A wajensu in dattijo ya mutu harba bindiga ake yi a bakin kabari, don haka Safiyullahi bai taɓa zuwa jana'izar ko mutum ɗaya daga cikinsu ba. Ni yake aikawa da gaisuwa.

A shekarar 1996 mahaifin Iortyer ya rasu, aka aike ni kamar kullum. Bayan wata guda sai ga Iortyer da wani abu dogo naɗe a tabarma, fuskarsa ba walwala.

"Maƙeri, ba ka zo ka binne babana ba," in ji shi. "To ga aiki. Wannan bindiga na kakana ne, tun ina ƙarami yana rataye a rufin ɗaki. Duba mani shi."

Aka jingine ta a bango. Baƙa ce wuluk, hayaƙin shekaru ya yi mata fata, tsawonta ya kai ƙirjina. Ina zaune ina jiran in ji "famfo ce" in samu na tsokanar Iortyer, sai na ga Safiyullahi ya ƙura mata ido. Ya shinshina icen, ya sake shinshinawa, ya ce wannan ba maɗaci ba ne ba kirya ba, bai tsiro a ƙasarmu ba. Ya dubi kambin da ke gefe da lambobi huɗu a ƙarƙashinsa, ya ce ba bugun hannu ba ne. Sannan ya lanƙwasa kan wata siririyar waya, ya tsaya daga gefe, ya miƙa hannu nesa da fuskarsa ya zura ta. Bakin bindigar tsatsa ta cinye shi, ido ba ya ganin komai, amma da wayar ta yi nisa sai na ga tana juyawa da kanta a tsakanin yatsunsa. Ta kama tsagar tana bi.

"Ita ce," in ji shi. "Ɗan Fillo, ita ce."

Wayar ta yi kamu ɗaya sai ta tokare. Nan take ya yi baya har ya taka mini ƙafa. Ya ce wa Iortyer akwai abu a cikinta, Allah kaɗai ya san ko mene ne, kada ta kusanci wuta, kada kuma wani mai ƙarfin hali ya gwada harba ta. Ya ƙara ja masa kunne kada a kuskura a wanke ta, don baƙar fatar nan ita ce shaidar shekarunta, ita ce kuma kuɗinta. Wani dillali daga Jos da ya samu labari ya yi zarya har sau uku, ya taya ta kuɗin da zai sayi a-kori-kura. Iortyer ya ce ba ta sayarwa ba ce. Ranar da ya mutu, in ji shi, Maƙeri ne zai gyara ta a harba masa a bakin kabari. Safiyullahi ya ce Allah ya tsari gatari da noma.

Iortyer ya ji gargaɗin, ya kuma kiyaye. Abin da bai yi ba shi ne ya gaya wa matarsa.

Daminar 2001 ba sai na ba mutumin Lafia labarinta ba. Rikici ya tashi a kudancin jihar, ƙauyuka suka watse, mutanen da jiya suke ciniki da juna suka koma kallon-kallo. Gari ya cika da jami'an tsaro da jita-jita. Iortyer ya kwashi iyalinsa suka fake a Akurba, nan gefen gari, gidan wani ɗan'uwan matarsa Cordelia. Ita ce ma ta ɗauko bindigar a ka, cikin tabarmarta, tare da tukwane. Ni kaina kwana tara na yi ban buɗe rumfa ba. Da muka buɗe, Safiyullahi ko guduma ba ya son bugawa da ƙarfi.

Da abin ya ɗan lafa aka yi shela cewa duk mai bindigar gado ko ta farauta ya kai ta gaban wani kwamiti da ke zama a wata makarantar firamare a Akurba, a rubuta ta. Wanda kuwa aka samu da sabuwar ƙira, ko wadda aka ɗura wa albarushi, sai ya yi bayani a gaba. Iortyer ya ce shi ba shi da abin ɓoyewa, gobe zai kai tasa.

Cordelia mace ce mai tsabta har ta wuce misali, gindin tukunyarta kana iya duba fuskarka a ciki. Da ta ji mijinta zai shiga gaban manya da wannan baƙin abu mai ƙaurin hayaƙi, sai kunya ta kama ta. Yana fita neman abinci ta samo toka da yashi da lemun tsami da soson ƙarfe, ta zauna a bayan ɗaki tun hantsi har yamma. Ta shafe icen da manja, ta naɗe ta a tabarma, ta mayar inda take. Iortyer bai buɗe tabarmar nan ba sai a kan teburin kwamiti.

Wajen ƙarfe sha ɗaya na safe ta faɗo maƙera ko takalmi babu, ta zube a ƙasa.

"Baba Maƙeri, abeg! Sun riƙe maigida. Sun ce bindiga sabo ne, sun ce akwai harsashi ciki. Ni ne na wanke shi, Baba, ni ne. Mota zai zo ƙarfe huɗu ya kwashe su."

"Kin wanke ta?" in ji Safiyullahi. "Da me?"

Ta faɗa masa. Ya dafe kai da hannu biyu. Garin gyaran gira an rasa ido, kuma duk mun san abin da motar nan take nufi, don waɗanda aka tafi da su makon da ya gabata har lokacin danginsu yawon neman inda aka ajiye su suke yi.

Matarsa Usaina ta leƙo daga cikin gida ta ce ko nan da ƙofa ba zai je ba. Ni ma, in faɗi gaskiya, cewa na yi ya zauna. Ɗan Abdulkahar mai ƙera bindiga ya kai kansa gaban masu neman maƙeran bindiga? Ga kuma bakin unguwa, a lokacin da gaisawa da mutumin Tibi ma sai ka waiwaya ka ga wa ke kallonka. Tsoro nake ji, ban kuma ɓoye masa ba.

"Ba zan iya ba," in ji shi. "Wallahi ba zan iya ba."

Yana faɗin haka yana zuba zarton ƙarfe da magagari da wayarsa a buhu. Da ya ɗaure bakin buhun ya dube ni ya ce in tashi, bawa ba ya tafiya ba ubangidansa. Ranar kaɗai ya taɓa yarda shi bawana ne, ban kuwa ji daɗin jin ta ba.

Shinge biyu muka wuce kafin Akurba, a kowanne tun ba a tambaye shi ba yake ɗaga hannuwa sama. A makarantar mun tarar da tulin harba-ka-ruga a gindin mangwaro, da mutum bakwai zaune a ƙasa a baranda, Iortyer a cikinsu da ankwa a hannu. Ofisan da ke shugabantar zaman dogo ne, idanunsa jajur don rashin barci. Ba mugu ba ne, ya dai gaji da jin rantsuwa. Bindigar tana kan tebur a gabansa, fara tas, tana ɗaukar ido. Safiyullahi ya dube ta sau ɗaya ya kau da kai, kamar wanda ya ga an tuɓe wa dattijuwa zane a kasuwa.

"Kai ne maƙerin?" in ji ofisan. "Kai ka ƙera wannan?"

"A'a, ranka ya daɗe. Ba ni ba, ba ubana ba. Ta girmi kakana."

Safiyullahi ya zagayo ta bayan bindigar. Ya nuna kambin, ofisan ya nuna masa tulin gindin mangwaro ya ce rabin waɗancan ma suna da kambi. Na ga Safiyullahi ya saci kallonsu, na san ya gane aikin gidansu a ciki. Lambobi huɗun nan yashi ya cinye biyu. Icen kuwa ban da manja ba ya ƙanshin komai. Ya zura wayarsa, ya roƙi ofisan ya riƙe ya ji tana juyawa. Ofisan ya riƙe, ya ce shi bai ji komai ba.

"Baba, ni abin da ido ya gani nake rubutawa. Ido ya ga tana ƙyalli. Mun zura sanda ta tokare, ke nan an ɗura ta. Ka nuna mini tsufanta, ko ka matsa in sallami wasu."

Safiyullahi ya kwance zobban da suka riƙe ƙarfen da ice, ya ɗaga bututun a hankali. Ƙarƙashinsa, inda soson Cordelia bai kai ba, baƙar fatar tana nan. Ofisan ya karce ta da makulli, ya ce ya gani, amma tsohuwar bindiga ma ana ɗura mata sabon albarushi. Safiyullahi ya gwada zaro abin da ke ciki da ƙugiyar waya, ba abin da ya fito sai jar ƙasa kaɗan. Ya gwada murɗe gindin, ya cije kamar an haife shi haka. Duk maƙeri ya san maganin gindin da ya cije wuta ce, shi kuma ya fi kowa sanin abin da wutar ke yi. Ƙarfe biyu ta wuce. Gumi ya jiƙa masa riga har ƙugu.

"Sai dai a yanka ta," in ji shi.

Ya je baranda ya tsuguna gaban Iortyer. "Ka ji? In na sa mata zarto ta ƙare. Ba kuɗi, ba harbi a bakin kabari."

Iortyer ya sunkuyar da kai. Cordelia ce ta amsa daga bayanmu.

"Yanka shi, Baba. Gara in binne shi shiru da in rasa inda aka binne shi."

Iortyer ya gyaɗa kai.

Bafillace ba ya rabo da igiya, na zaro ta aljihuna muka ɗaure bututun a kan bencin 'yan makaranta, bakinsa na kallon wani tulin ƙasa a ƙarshen fili. Safiyullahi ya auna inda wayar ke tokarewa ya sa zarto. Ƙarfen nan ya cinye haƙoran zarto guda kafin ya rabu. Da ya rabu, muka leƙa. Ga tsaga uku a zagayen bakin yankan, a fili kamar tsagar gado a kumatu. Ciki kuwa cike da gidan zanzaro, ɗaki bisa ɗaki, na wata shekara bisa na wata. Ya fasa ɗaya da farce, busassun gizo-gizo suka zubo a tafin hannunsa. Na saki ajiyar zuciya, na ce an gama.

Ofisan ya daɗe yana juya guntun a hannunsa. Sannan ya nuna ragowar da ke ɗaure a benci.

"Na yarda tsohuwa ce. Ƙasan fa? Oda aka ba ni, Baba. In akwai albarushi mai rai a gindin nan, ɗurarriya ce, kuma mai ita zai hau mota."

Ban taɓa ganin fuskar baƙin mutum ta yi toka-toka irin ta Safiyullahi a lokacin ba. Yanka na biyu ta cikin albarushin kansa zai bi. Zarto yana zafi, yana kuma iya tartsatsi, kuma dole kansa da hannuwansa su kasance a kai. Ya ce kowa ya ja baya, amma yana buƙatar mutum ɗaya da zai riƙa zuba ruwa a kan zarton kada ya tsaya ko na ƙiftawar ido. Cordelia ta ɗauki buta.

"Ajiye, 'yata, kina da yara," in ji shi. "Ɗan Fillo ya riga ya ci duniyarsa."

Na so in ce ina da uzuri. Kunyar matar nan ce kawai ta sa na karɓi butar.

Jami'an suka koma bayan mangwaro, ofisan ya tsaya a ƙofar aji. Safiyullahi ya yi bismillah ya fara. Ja ɗaya, tura ɗaya, a hankali, leɓɓansa na motsi. Ina jin haƙoransa suna haɗuwa. Ruwan da nake zubawa rabi a kan zarto rabi a ƙafata. Duk jan da ya yi sai in ce wannan ne na ƙarshe. Na tuna 'ya'yana ɗaya bayan ɗaya, na tuna wata saniya da na taɓa sayarwa ban faɗi ciwonta ba, na nemi gafara. Ruwan da ke gangarowa daga tsagar ya fara yin baƙi, warin albarushi ya taso. Shi ma ya ji warin. Ya rufe idanunsa gam, hannun dai bai tsaya ba.

A daidai nan motar kwasar mutane ta shigo filin makarantar, tun ƙarfe huɗu ba ta cika ba. Direban na kashe ta, salansa ta buga wata irin ƙara, fam!

Ban san lokacin da na yar da butar ba. Na dai tsinci kaina kwance rub da ciki a bayan wani benci, bakina cike da ƙasa, ina kiran sunan uwata da ta shekara goma sha biyar da rasuwa. Da na ɗago kai, abin da na fara ji shi ne ƙarar zarto. Safiyullahi yana nan inda yake, idanu a rufe, hawaye na bin gemunsa, yana ja yana turawa. Cordelia ta riga ta ɗauki butar tana zuba ruwa. Mutumin da tayar tifa ta tura ƙarƙashin tebur bai ɗaga ƙafa ba, ni mai yi masa dariya ga ni a ƙasa.

Gindin ya faɗi a kan yashi. Ba wanda ya motsa, sai da Safiyullahi ya buɗe ido ya ƙirga yatsunsa. Ya ɗauki guntun ya kai wa ofisan. Harsashin dalma ya yi fari fat kamar alli, tsatsa ta liƙe shi da ƙarfe, sai da kurfi aka ɓamɓaro shi. Tsumman da aka toshe da shi ana taɓawa ya zama gari. Albarushin kuwa ya dunƙule ya zama dutse. Ofisan ya sa aka ƙwaƙulo na can ciki inda ruwa bai kai ba, ya ɗora a kan bulo, ya ƙyasta ashana da hannunsa. Ashana uku ya ƙone, ko tsit abin bai yi ba.

Ya ce a cire wa Iortyer ankwa. Yana rubutu a littafinsa ya tambaya, ba tare da ya ɗago ba, "Baba, da nawa za ta yi?"

"Shekaranjiya mota ce, ranka ya daɗe. Jiya da aka wanke ta, babur. Yanzu sai dai masu sayen ƙarfen bola."

Cordelia ta fashe da kuka. Iortyer ya tattara gutsattsarin uku da icen, ya naɗe a tabarmar da ya zo da ita, bai dubi kowa ba. Motar ta tafi da mutum shida, muna tsaye muna kallo. Safiyullahi kuwa ya zauna daɓas a ƙasa. Na matsa zan ɗaga shi, ya riƙe mini hannu.

"Guda ɗaya tak na taɓa gani a duniya, Ɗan Fillo," in ji shi. "Ni kuma na yanka ta."

Kwana huɗu ya yi a kwance da zazzaɓi, na gaske wannan karon. Wasu a unguwa sun daina kawo masa gyara na ɗan lokaci, damina na zagayowa suka dawo, don garma ba ta san rikici ba. Tsoron kuwa ko kaɗan bai ragu ba, Kirsimetin shekarar ma sai da ya rufe maƙera. Ni dai ban ƙara yi masa dariya a kai ba. Shi kuma bai taɓa gaya wa kowa inda aka same ni ranar ba, sai dai in na dame shi da tsokana ya tambaye ni ko ƙasar Akurba tana da daɗi.

Iortyer ya koma Ashige ya ci gaba da nomansa. Yana zuwa sayen garma kowace shekara, amma bai sake ɗaga maganar bindigar ba, ko da wasa. Wannan shirun ya dami Safiyullahi. Yakan ce mini, "Yana jin haushina. Na raba shi da abin kakansa." In ce masa ai ka raba shi da motar kwasar mutane, ya ce duk da haka.

A kakar 2009, bayan an gama haƙar doya, Iortyer ya rasu a ɗakinsa, matarsa da 'ya'yansa a kansa. Cordelia da kanta ta zo maƙera faɗa mana. Safiyullahi ya yi mata gaisuwa, ya juyo gare ni zai aike ni kamar yadda ya saba. Ta ce a'a, maigida ya bar magana.

"Ya tara ƙannensa kafin ya mutu. Ya ce ko bindiga ɗaya kada a harba masa. Sun yi faɗa, sun ce dattijo kamarsa abin kunya ne a binne shi shiru. Ya ce in an harba, Maƙeri ba zai zo ba."

Muka tafi tare. Na ga samarin gidan sun jingine bindigoginsu a bayan rumbu, fuskokinsu a murtuke, amma ba wanda ya taɓa su. Aka sauke akwatin, aka fara mayar da ƙasa da garmar da Safiyullahi ya ƙera. Yana tsaye a bakin kabarin, hannunsa cikin nawa, kunnensa a kan rumbun. Bai matsa ba har aka zuba ƙasar ƙarshe.